Wanda Zai Yanke Igiyar Inkar

A daren da iska ta fara saukowa daga duwatsu bayan narkewar ƙanƙara, na ji wani sauti da ban taɓa jin irinsa ba. Ni kuwa na shekara talatin da ɗaya ina gadin ƙofar ruwan gonakin ƙauyenmu, na san muryar kowane kwaɗo da kowace mujiya. Wannan ba kuka ba ne, ba busa ba. Kamar tsofaffi ne suka taru a bayan katanga suna cewa "huuu" ƙasa-ƙasa, wani da kauri, wani siriri, kowa na jiran numfashin ɗan'uwansa. Na tashi zaune. Matata Ultugan ta ce in kwanta, bututun murhu ne. Na ce bututunmu murya ɗaya gare shi, na kuma san ta. Ta ja bargo ta ce to aljanu ne, in gaishe su.

Da gari ya waye na leƙa ta kan katangar da ta raba mu da Tolegen mai walda. A kan rufin ɗakin ajiyarsa kwalabe ne a jere, baki sama, an dasa gindinsu cikin laka don kada su faɗi. Na ƙirga arba'in da uku. Iska ce take bi ta bakinsu. Shi kuma yana zaune a ƙasa bisa tsohuwar taya, ya zuba musu ido.

Ni da Tolegen shekara ɗaya aka haife mu, wato kurdas muke, kuma tsakanin kurdas babu maganar da ta yi nauyi.

"Kurdas, kanti ka buɗe a kan rufi? Wa zai hau ya saya, zakara?"

"Rufe mana baki, tsohon kwaɗo."

Bai yi dariya ba, sai na zagayo ta ƙofa na zauna kusa da shi. Ya faɗa mini abin da ya faru. Ashe jiya 'yarsa Jansaya, wadda ke aure a can saman ƙauye, ta zo da jaririyarta Inkar. Yarinyar ta dafa ƙafar tebur ta miƙe da kanta. Tolegen ya ji daɗi, ya ce igiyar nan shi zai yanke.

A wurinmu idan yaro ya fara ɗaga ƙafa, ana ɗaure masa ƙafafu da igiyar ulu, baƙi da fari a murɗe, a zaɓi mutum ɗaya ya yanke ta da wuƙa a gaban jama'a. Tafiyar wanda ya yanke ita yaron zai ɗauka har tsufansa. Shi ya sa ba a ba malalaci, ba a ba mai yawan tuntuɓe. Tawa wata goggo ce ta yanke, mai tsayawa tsakiyar hanya kallon gajimare, ga ni nan kuwa.

"Me ta ce?" na tambaye shi.

"Ta ce, 'Baba, so kake 'yata ta riƙa dafa katangar mutane in za ta koma gida?' Ta ce Bekbolat ne zai yanke, ƙanen surukinta." Ya murza fuskarsa. "Ba ta ɗaga murya ba, Sarsenbai. Da ma ta zage ni."

Tana fita ya bi gidan yana tono kwalaben da ya ɓoye. Cikin ciyawar tumaki, cikin tsofaffin takalma, ƙarƙashin ɗakin kare, bayan tukunyar gas ta walda. Masu sauran farar giya ya tuttular a lambatu, ya jera su duka a sama don ya riƙa ganin yawansu.

Na san ba yau ya fara gwadawa ba. Ya taɓa yin rantsuwa a kabarin waliyyi, ta yi kwana goma sha tara. Ya taɓa karɓar allura a birni, ta kai shi har bikin ɗan maƙwabci. Sai ya cire hularsa, ya zaro wata takarda daga cikin ɗinkinta, ta yi laushi kamar tsumma. Ma'aikaciyar jinyar ƙauye ce ta ba shi shekara biyu da suka wuce. Lambar waya ce, da layi ɗaya: masu son daina sha suna haɗuwa su taimaki juna.

"To ka kira mana."

"In ce musu wa? Za su ce ɗan wane ne, daga wane ƙauye. Kafin la'asar labari ya riga ni dawowa gida."

Karatuna aji bakwai ne, rabinsu ma a gonar auduga na yi su, amma lamba ba ta gagare ni. Na ɗauko wayar Ultugan na danna. Wani mai dusasshiyar murya ya ɗauka. Na ce ina da wani aboki. Ya ce kowa ma yana da wani aboki, ku zo tare. Ya ce Alhamis da Lahadi, ƙarfe uku, a birnin Shimkent, bayan ɗakin karatu na yara da ke kusa da tsohuwar kasuwa, a zaga ta baya a sauka matakala, akwai shuɗiyar buta a taga. Ya kashe. Na tsaya riƙe da wayar ina mamaki. Tunda nake ban taɓa magana da baƙo ya sallame ni bai tambayi ɗan wane ne ni ba.

Ranar Alhamis muka hau bas ɗin ƙarfe ɗaya. Maƙwabciyarmu Kulyash, wadda ba abin da ke wucewa ta gaban shingenta bai biya harajin bayani ba, ta ɗago daga cikin albasarta.

"Ina zuwa haka da sababbin riguna?"

"Neman mata," in ji ni.

"Ku gaishe su, ku ce ina musu jaje."

Nemo wurin ya fi abin da na zata wuya. Tsohuwar kasuwa ashe biyu ce, kowa da wadda yake kira tsohuwa. Muka sauka a ta farko, muka sami ɗakin karatu, amma na manya ne, bayansa kuma shagon gyaran taya. Muka taka zuwa ta biyu. Babbar matsalar ita ce ba mu iya tambaya. Me za mu ce muna nema? Na ƙarasa wurin wata mai sayar da busasshen cuku na ce ko ta san inda shuɗiyar buta take. Ta nuna mini layin masu kwanuka.

Tolegen gumi yake yi, alhali ba zafi. Duk shagon da muka wuce sai ya karkatar da kai kamar dokin da aka ja wa linzami. Uku saura kwata ya ja ya tsaya a ƙofar wani kanti.

"Mu koma gida. Babu wurin nan. Tsokana ce."

"Ka ba ni minti goma."

"Kai ka je ka nemo butarka. Ni ina nan."

Na san in na bar shi a nan, a nan zan same shi, amma ba yadda na bar shi ba. Na riƙe masa hannun riga ina waige-waige. A nan ne na hango wani abu a lungu, bayan wani gini mai rawayan fenti. Mutum biyar ne a tsaye suna shan taba, suna kakkaɓe toka a gwangwanin tumatir ɗaya. Akwai mai laktaye da jakar ofis. Akwai mai ƙurar siminti har a gira. Akwai saurayi mai ɗan kunne, da wani dogo mai sanda, da wata tsohuwa 'yar Rasha mai jan gashi. Ba bikin da zai tara waɗannan, ba jana'iza. Amma dariya suke yi kamar 'yan ɗaki ɗaya.

"Ga su can," na ce.

"Ya aka yi ka sani?"

"Shekara sittin da takwas ina kallon abin da bai dace da wurinsa ba. Taho."

Butar tana nan a taga daidai da ƙasa, sai dai hayaƙi ya cinye shuɗin.

Muka sauka. Kujeru ne a zagaye, ba tebur a tsakiya. Na tsaya a bakin ƙofa ina jiran a zo a kai ni wurin dattawa, can nesa da ƙofa, kamar yadda ake yi a kowane gida. Ba wanda ya motsa. Na duba na ga zagayen ba shi da sama ba shi da ƙasa. Saurayin nan mai ɗan kunne ya kira ni aga, wato babban yaya, ya ce, "Aga, ko'ina ma wuri ne." Na zauna, kuma abin da ya ƙara ɗaure mini kai, mai laktayen nan ne ya zuba wa saurayin shayi, ba saurayin ya zuba masa ba.

Mai dusasshiyar muryar, sunansa Daulet, ya ce baƙi su faɗi suna. Na ga Tolegen ya ƙame, sai na ce bari in buɗe masa hanya. Na miƙe, na dafa ƙirji, na fara kamar yadda uwata ta koya mini tun ban iya ɗaure wando ba.

"Ni ne Sarsenbai ɗan Abdirash, ɗan Kuanish, ɗan Tilepbergen, ɗan..."

"Aga, aga," in ji Daulet, ya ɗaga hannu. "Bar kakannin nan su huta. A nan suna ɗaya ya isa, shi ma in ka ga dama ka ari na wani."

"Ka ƙyale shi," in ji tsohuwar mai jan gashi. "Na watan jiya sai da ya kai na bakwai, ya dawo ya fara na uwarsa. Shayi ya huce muna sauraro."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Na juya na ga kafaɗun Tolegen sun sauko. Ya ce, "Tolegen," a hankali, duk suka amsa masa da sunan, ba wanda ya ƙara tambayar komai.

Daulet ya tambaye ni ko ni ma ina sha. Na ce cikina ya ƙi ta tun ina soja, rakiya na yo. Ya ce to yau zaman masu sha ne kaɗai, 'yan rakiya sai Lahadin ƙarshen wata, amma akwai benci a waje. Aka cika mini kwanon shayi, aka haɗa mini da alewa biyu.

Ina hawa matakala wani yana saukowa. Mutumin ƙauyenmu ne. Ba zan faɗi sunansa ba, ko aikinsa, ko launin hularsa. Iyakar abin da zan ce, mutum ne da ake miƙewa in ya shigo. Muka haɗa ido. Fuskarsa ta yi fari fat, sannan ya ɗan sunkuyar da kai, ya raɓa ni ya wuce. Daulet ya biyo ni.

"Aga, wanda ka gani a nan, a nan ka bar shi."

Ultugan takan ce bakina kamar ƙofar ruwan da na yi gadi ne, kullum yana yoyo. Amma wannan na toshe shi, ko ita ban gaya wa ba.

Bayan awa ɗaya da rabi Tolegen ya fito yana ƙifta ido.

"Ka gan shi?" ya ce.

"Ban ga kowa ba."

"Shekara shida yake zuwa. Shida! Ni da nake tsallake titi in na hango shi don kada ya ji warina." Ya girgiza kai. "Ban ce komai ba, sun ce ba dole. Kuma ba su sa ni rantsuwa ba. Sun ce kada in yi alkawarin har abada, in riƙe yau kawai."

"Gobe fa?"

"Gobe sai in sake."

Haka muka shiga yi, Alhamis da Lahadi. Mutumin yana zama a gaban bas, mu a baya, gaisuwar hanya kawai. Su suna ƙasa, ni ina benci ina kallon wata kyanwa mai ido kala biyu da ke zaune a lungun. A gida kuma na roƙi Tolegen ya bar ni in hau rufinsa. Na gano in ka zuba ruwa a kwalba muryarta takan sirance. Na yi kwanaki ina zubawa ina ragewa da butar alwala, har arba'in da ukun nan suka daina gardama da juna. Ultugan ta ce a duk ƙauyen ita kaɗai ce mijinta ke ba kwalba ruwa.

A mako na huɗu wani ya kawo ƙofar ƙarfe aka yi masa walda, ya ajiye kwalba a kan benci don godiya, kamar yadda aka saba yi wa Tolegen shekara da shekaru. Washegari da safe na ƙirga na ga arba'in da huɗu. Yana zaune a kan tayar, idonsa jajir.

"Shi ke nan, kurdas. Igiya ta tafi."

"Yau Lahadi. Direban bas ba ya shinshina mutane. Tashi ka wanke fuska, ka yi kama da tsohuwar akuya."

Ya je. Na zaci za su kore shi, ko su yi masa faɗa. Ya ce tsohuwar mai jan gashi ce ta matsa masa kujera, ta ce ita sau biyar ta sake ƙirga daga ɗaya. Da muka dawo ya ari wayar Ultugan, ya shiga ɗakin ajiya ya kira Jansaya, ya gaya mata da bakinsa. Ya fito yana juya wayar a hannu.

"Ta ce wannan ne karo na farko da ta ji daga gare ni kafin ta ji daga Kulyash."

"Igiyar fa?"

"Ban tambaya ba."

Inkar ba ta yi gaggawa ba, Allah ya yi mata albarka. Sai da tuffa suka fara nuna sannan ta saki tebur. Aka sa rana a gidan surukan Jansaya. Aka yanka tunkiya, aka shimfiɗa doguwar tabarma a ƙarƙashin inabi, dattawa a can sama. An zaunar da Tolegen kusa da su don shi ne kakan yarinya, ni ina gefensa. Jansaya tana kai da kawo da butar shayi, ba ta kalle shi ba.

Da aka ci nama, Bekbolat ya miƙe. Mutum ne mai faɗin ƙirji da son raha, ba shi da mugunta. Ya cika ƙananan kofuna, ya miƙo wa Tolegen ɗaya da hannu biyu.

"Suruki, don tafiyar jikarmu. Har ƙasa!"

Kofin suruki ba a mayar da shi. Wanda ya ƙi, kamar ya ce gidan bai isa ba ne.

"Da shayi zan yi," in ji Tolegen.

"Shayi? Kai? Jama'a ku ji! Ko tamu ce ba ta kai taka daɗi ba? Karɓi mana, kada ka kunyata ni a gaban baƙi."

Aka yi dariya. Kofin yana nan a gaban hancinsa, ni kaina ina jin warin. Na buɗe baki zan yi wata tsokana in kawar da maganar, sai ya taka mini ƙafa.

"Suruki, gidanka ya fi ƙarfin raini," ya ce. "Ni mashayi ne. Kowa a nan ya sani, ni ne na ƙarshen sani. In na sha wannan ɗaya, ba zan tsaya a ɗaya ba. Yau kwanana hamsin da shida. Ka bar ni in cika na yau."

Bekbolat ya tsaya da kofi a hannu, bai san inda zai kai shi ba. Sai daga wajen dattawa kwanon shayi ya ɗaga sama, wani ya bi, wani ya bi, har huɗu. Ba zan faɗi na wa ya fara ba. Bekbolat ya dubi kofin, ya ce to shi ba zai bar amana ta lalace ba, ya shanye nasa da na Tolegen, aka fashe da dariya.

Na ga Jansaya ta ajiye buta, ta durƙusa kusa da uwar mijinta, ta yi mata magana a kunne. Tsohuwar ta ɗauki wuƙar daga faranti ta auna ta a hannu.

"Bekbolat, igiya goma sha ɗaya ka yanke a gidan nan, duk sun iya hanyar kanti tun ba su iya magana ba. Bar wa kakanta wannan."

Aka shimfiɗa farin ƙyalle a tsakar gida, aka tsayar da Inkar a bakinsa, igiya baƙi da fari a ƙafafunta. Daga tabarma zuwa wurin taku ashirin ne, ko ashirin da ɗaya. Na ƙirga. Tolegen ya yi su a miƙe, ba sauri, ba dafa kowa. Ya durƙusa. Ya riƙe wuƙar da hannu biyu kamar yadda yake riƙe bakin walda, ya yi bismilla, ya yanke. Mata suka watsa alewa. Inkar ta yi taku uku a kan ƙyallen, ta zauna daɓas.

"Ta faɗi!" in ji wata.

"Ku bar ta," in ji Jansaya.

Yarinyar ta dubi jama'a, ta dafa ƙasa, ta ɗaga gindi sama, ta miƙe. Ta kama yatsan kakanta suka ƙarasa ƙyallen tare.

Da yamma muna zaune a bencin ƙofar gida, ni da shi da Ultugan, guntun igiyar yana cikin ɗinkin hularsa inda takardar take a da. Ya ce in tuna gobe Lahadi, kada in makara wurin ba kwalabe ruwa. Iska ta fara saukowa, rufin ya ɗauki muryarsa, ta arba'in da huɗun ma na samo mata wurinta. Kulyash ta jingino da shinge tana karkaɗe ƙasa daga hannunta. Ta ambaci sunan da ba zan rubuta ba.

"Ni fa akwai abin da ban gane ba. Ku biyu da shi, duk Alhamis duk Lahadi, bas ɗaya, ku tafi tare ku dawo tare, amma kowa ya kama kujerarsa kamar bai san wani ba. Wai ina kuke zuwa ne?"

Tolegen ya gyara hularsa. Ultugan ta dube ni, ni kuwa na karkata kunne wajen rufi.